Robar Nozul Ɗaya Ta Kusa Ƙone Mini Mota

Har yau idan na ji warin fetur gabana faɗuwa yake. Motar Corolla ce ƙirar 2006, mai injin 1ZZ. Ta yi wata biyu tana karkarwa idan na tsaya, ga shan mai. An canza fulogi, ba ta daina ba, aka ce nozul ne, wato abin da ke fesa fetur cikin inji. Na sayo guda huɗu 'yan Beljiyam haɗe da bututunsu, na ce da hannuna zan ɗaura ranar Asabar a ƙofar gidanmu a Mabera, tun rana ba ta buɗe ba.

Farkon aikin bai ba ni wahala ba. Na zare wayar famfon mai, na tayar da mota har ta mutu da kanta, don fetur ɗin cikin bututun a matse yake, matsinsa ya kai baa 3 a ma'aunin matsi. Na cire kan batir, na zare soket huɗu, na kwance noti biyu, bututu ya fito da nozul ɗinsa.

Wajen mayarwa na yi wauta. Kowane nozul yana da 'yar roba zagayayyiya a samansa, wadda ke shiga cikin bututu. Na bar tsofaffin da suka zo da kayan, alhali sun bushe sun yi tauri, ban kuma shafa musu komai ba. Na uku ya ƙi zama. Maimakon in zare in duba, sai na ɗora bututun na ce noti zai ja shi. Noti kuwa ya ja shi, ya ɗauru cif.

Na tayar, karkarwa ta tafi, har na fara murmushi. Ɗana ne ya ce, "Baba, ruwa na zuba." Na leƙa, fetur ne ke tsartuwa siriri kamar zare daga kan na ukun, yana taruwa a jikin inji. Maƙwabciyarmu kuma ga ta can da murhun ƙosai, taku kaɗan tsakaninmu. Ban san lokacin da na kashe motar ba.

Na kira wani dattijon bakanike da muke masallaci ɗaya. Ya zare nozul ɗin, ya ɗaga robar a rana, ta yanke kamar an sa reza. Ya dube ni ya ce, "Malam, mi robag ga ta yi maka? Busassa ka tura ta?" Ya aika yaronsa ya sayo sababbi, na sama da na ƙasa duka. Ya ɗan shafa musu man inji, yana murza nozul hagu da dama yana turawa a hankali har ya zauna. Kafin ya ɗaure noti sai da ya juya kowanne da yatsa biyu. Wanda ya juya sumul ya zauna daidai, wanda ya cije robarsa ta naɗe. Da na san wannan gwajin da safe, na ukun nan ba zai wuce ni ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne kuɗin robobin bai kai na fetur ɗin da ya zube ba. Na ce, "Baba, nawa ne ladan aiki?" Ya ce in bar shi, in sayi abin kashe gobara in ajiye a but. Ranar Litinin na saya.