Ɗibar samfurin ƙasa a ramin tankin mai: daga rami zuwa kwalba

Ranar da katafila ta ciro tsohon tanki a gidan mai, a ranar ake ɗibar samfurin ƙasa don a gano ko mai ya yoyo cikinta. Fetur ba ya jira. Sinadarin benzin da 'yan uwansa da ke cikin fetur suna tashi da zarar iska ta taɓa ƙasar, balle a zafin Maris da Afrilu na Birnin Kebbi ko Gusau, inda ake haura digiri 40. Ramin da ya kwana buɗe kwana biyu zai iya ba da sakamako mai kyau alhali mai na kwance a ƙarƙashinsa.

A fara da duba tankin kansa: inda tsatsa ta huda, bakin walda, da wurin da ake juye mai daga tankar dako. Nan ne yoyo ya fi faruwa. Sai a ɗebi ƙasa daga ƙasan ramin, ɗaya a kowane ƙarshen tanki, ɗaya a tsakiya idan babba ne, sannan ɗaya daga kowane bango. Layin bututu ma a bi shi, samfur ɗaya duk bayan mita 6, da kowace mahaɗa, da ƙarƙashin kowane famfo. Sau da yawa tankin lafiyarsa ƙalau, mahaɗar bututu ce ta shekara tana ɗiga.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗibar yashin da aka cike gefen tanki da shi lokacin binnewa. Wannan yashin baƙo ne. Asalin ƙasar wurin ake nema, kamar santimita 30 zuwa 60 a ƙarƙashinsa. A jigawa mai yakan zarce ƙasa ya tsaya kan laka, don haka inda yashi ya haɗu da laka ya cancanci nasa samfurin. A fadamar Argungu da gefen Gulbin Rima kuwa ruwa na kusa, da damina ma har yakan tsatso cikin rami. In haka ta faru, a ɗeba daga bango daidai saman ruwan, domin mai yawo yake a bisa ruwa, a kuma ɗauki ruwan daban. Rijiyoyin maƙwabta daga wannan ruwan suke sha.

Kada kowa ya sauka ramin da ya wuce mita 1.2 ba a tokare bangonsa ba. Katafila ta kwaso, a kankare santimita 15 na sama daga tsakiyar bokitinta, a ɗebi wadda ba ta taɓa ƙarfe ba.

Kowane wuri kashi biyu ake yi. Kashin farko a zuba rabin leda mai zif, a rufe, a murtsuke, a ajiye a inuwa minti 10 zuwa 15, sai a zira bakin na'urar auna tururi ta PID. Wannan don a gane inda ya fi ƙazanta ne kawai, kuma danshi yakan ruɗa ta. Ƙasar ledar ba ta zuwa ɗakin gwaji. Kashi na biyu, na fetur, giram 5 ake sakawa nan take cikin ƙaramar kwalba mai mililita 40 da ruwan sinadarin metanol a ciki, wanda ke riƙe fetur ɗin kada ya tashi. Na man gas (dizal) da baƙin mai a cika kwalbar gilashi dam, ba sarari, a goge bakin kafin a murɗa murfi, don ƙwayar yashi ɗaya tana hana shi kamawa. Ba a gauraya samfurin fetur na wurare daban-daban. Juyawar kaɗai ta isa ta kore shi.

A sauya safar hannu a kowane samfur, a wanke cokalin ƙarfe da sabulu a ɗauraye da tataccen ruwa. Cikin kowane goma a ɗebi ɗaya sau biyu don a gwada ɗakin gwajin ma. Kwalabe su shiga kula da ƙanƙara a digiri 4, a rubuta wuri, zurfi da lokaci. Wa'adin awo kwana 14 ne, hanyar Kaduna ko Abuja kuma doguwa ce, don haka a tanadi inda za a ƙara ƙanƙara.

Ana auna sakamakon da EGASPIN, ƙa'idar kare muhalli ta tsohuwar hukumar kula da albarkatun man fetur (DPR): ana so kada mai ya wuce miligiram 50 a kilo ɗaya na ƙasa, 5,000 kuma ya wajabta tsaftacewa. Tun dokar man fetur ta 2021, gidajen mai suna hannun NMDPRA, hukumar da ke kula da tacewa, dako da sayar da mai, a sanar da ita kafin a mayar da ƙasa rami.