Kuɗin waya a aikin haɗa kayan sauti na gida

Sana'ata haɗa kayan sauti a gidajen mutane a nan Jos. Shagona ƙarami ne, ni da yaran da ke koyon aiki a hannuna. Yau muna Rayfield, gobe muna Bukuru ko Unguwar Rogo, duk inda aka kira mu. Mu kafa amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti, mu rataye sifikoki, mu ja waya ta cikin silin, mu haɗa da talabijin. A duk takardar lissafin da nake rubuta wa mai gida, babu layin da ake ja-in-ja a kansa kamar na waya. Mutum zai amince da kuɗin amfilifaya ba tare da gardama ba, amma da ya iso nan sai ya ajiye takardar: "Malam, duk wannan kuɗin na waya ne?" Akwai kuma wanda ya gani a intanet ana tallan wata waya mai kan zinari, ya ce ita yake so ko nawa ce. Dukkansu biyun asara suke shirin yi, kuma aikina ne in hana.

Masu wannan sana'a suna da ƙiyasin da suka daɗe suna bi: a ware wa wayoyi kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na kuɗin kayan gaba ɗaya. Idan kaya sun ci naira miliyan 1, sai a ajiye dubu 50 zuwa dubu 100. Nakan faɗa wa mutane wannan don su san abin da za su tanada, amma ba da shi nake yanke lissafi ba, da tef ɗin awo nake yankewa. Mai kaya masu sauƙin kuɗi da falo mai faɗi, wanda yake son sifikoki har a bayan kujeru, zai iya wuce kashi 10. Mai kaya masu tsada da sifikoki biyu kacal, kowace mita 2 daga amfilifaya, ko kashi 5 ɗin ba lallai ya kai ba, kuma ba zan ƙirƙiro masa hanyar kashe ragowar ba.

Abu biyu ne ke yanke hukunci a wayar sifika: tsawonta da kaurin jan ƙarfen da ke cikinta. Kamar tiyon ban ruwa ne, idan ya yi tsawo kuma siriri ne, ruwan kan isa ƙarshe a raunane. A bayan kowace sifika za ka ga an rubuta om 8, ko 6, ko 4, om kuwa shi ne ma'aunin turjiya ga wuta. Ita ma waya tana da tata turjiyar ga wuta, kuma ƙa'idar da muke bi ita ce kada turjiyar waya ta wuce kashi 5 cikin ɗari na ta sifika. Ke nan 0.4 ga mai om 8, 0.2 ga mai om 4. Wayar jan ƙarfe mai lamba 1.5, wato kaurin ƙarfenta a murabba'in milimita, tana da kusan om 12 a mita 1000, mai 2.5 kuma kusan 7 da rabi. Kada a manta wuta zuwa take yi ta dawo, saboda haka tazarar mita 10 mita 20 ce a lissafi. Da mai 1.5 za a samu 0.24. Ya yi wa sifika mai om 8 daidai, amma ya yi wa mai om 4 yawa, sai a koma 2.5 wadda za ta ba da kusan 0.15. Wannan shi ne abin da nake fara koya wa kowane yaro kafin in ba shi filaya. Wayoyin da ake shigowa da su daga waje kuwa sau da yawa lambar Amurka ce a jikinsu, 16 ko 14 ko 12, kuma a nan ƙaramar lamba ita ce mai kauri: 16 kusan 1.3 ce a awonmu, 14 kusan 2.1, 12 kusan 3.3.

Inda ake cutar mutane da gaske shi ne abin da ke cikin robar. Kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka yi wa shafen jan ƙarfe a sama. A ido ba za ka bambance ba, tana ƙyalli, robar tana da kauri, kuɗinta kuma da sauƙi. Amma alminiyam kusan kashi 60 cikin ɗari kawai yake ɗauka na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa zai ɗauka, saboda haka duk lissafin da muka yi a sama ya rushe. Ga shi da saurin karyewa idan ana lanƙwasa shi, ga shi bakinsa yakan ci a wurin haɗi, musamman da danshin daminar Jos. Bayan 'yan watanni sai ka ji sifika ɗaya tana ɗaukewa tana dawowa. Gwajin ba wuya. A feɗe bakin wayar, a kankare silin guda da reza. In fari ya bayyana a ciki, alminiyam ne. In aka kara masa wutar laita ma sai ya lanƙwashe nan take. Ni a gaban mai gida nake yin wannan gwajin, don ya ga abin da ya biya da idonsa.

Nakan gaya wa mai ƙaramin ƙarfi wani abu da wasu abokan sana'a ba sa so a faɗa. Wayar fileks ta lantarki mai layi biyu, ta jan ƙarfe tsantsa, irin wadda kamfanonin gida kamar Cutix na Nnewi da Coleman suke yi, tana aikin sifika lafiya lau. Sai dai a kula da launi, a haɗa ja da ja, baƙi da baƙi a ɓangarorin biyu. In aka juya a sifika ɗaya, ƙasan sautin zai gudu, ka ji kiɗa babu nauyi.

Wayar HDMI, wadda ke kai hoto da sauti zuwa talabijin, ba ta buƙatar dogon bayani. Saƙon lambobi take ɗauka, ko ya isa ko bai isa ba, mai tsada ba ta ƙara wa hoto kyau. A duba shaidar da ke jikin kwalin kawai: Premium High Speed ta isa mafi yawan talabijin na 4K, Ultra High Speed kuma don sababbin na'urorin wasa ne da makamantansu. Kuɗi yana shigowa ne idan za a kai hoto nesa, kamar majigin da ke rataye a silin. A nan sai mai zaren haske a ciki, kuma tana da kai da gindi, in aka saka ta a juye ba za ta yi aiki ba. Zinarin da ke bakin filogi shafe ne siriri don hana tsatsa, shi ke nan amfaninsa. Wayar wufa kuwa, wato sifikar da ke fitar da ƙasan sauti, tana son rufi mai kyau a ciki, kuma kada a ja ta kafaɗa da kafaɗa da wayar wuta, in ba haka ba za a yi ta jin gurnani a ƙasa-ƙasa.

Abin da aka rage a nan, ni a kan kariyar wuta nake roƙon a zuba shi. Duk wanda ya zauna a Jos ya san tsawar damina, ya san yadda wuta ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi, ga sauyi tsakanin janareta da inbata. Amfilifayoyin da ake kawo mana a ƙone, ba wayar sifika mai araha ce ta fi kashe su ba, wuta ce. Gidaje da dama in ka buɗe soket za ka tarar ramin na uku, na wayar ƙasa, ba a haɗa shi da komai ba. Wani Alhaji ya taɓa cewa in nemo masa wayar wuta ta musamman da ya ga ana yabo. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, bari mu fara duba ko gidan yana da sandar ƙasa." Babu. Kuɗin da ya ware sai ya tafi kan sandar, wato ƙarfen da ake binnewa a ƙasa a haɗa da wayar ƙasa, da sitabilaiza, da na'urar tare ambaliyar wuta. Kuma in hadari ya taso da gaske, a zare filogi, a zare wayar dish ma, don ta nan ma tsawa takan shigo.

Ga masu gini, ku kira mai sauti tun lokacin da mai lantarki yake binne bututu, kafin filasta. Bututu guda a bango ya fi arha nesa ba kusa ba a kan fasa silin da aka riga aka yi wa ado. Ko a cikin silin ma ba na barin waya tsirara, saboda ɓera. In ya ci robar, layukan biyu suka haɗu, amfilifayar da ba ta da kariya mai kyau tana iya ƙonewa. Nakan ƙara kashi 10 a kan tsawon da na auna saboda kwana-kwana da gyaran gaba.

Yawancin kayanmu daga kasuwar Alaba ta Legas suke zuwa, farashinsu kuma yana bin dala, shi ya sa ba na son faɗin kuɗin mita a rubuce a nan. A takardata dai ina rubuta yawan mita, da lambar kauri, da cewa jan ƙarfe ne, da kwanan wata. Duk wanda zai yi maka aikin, ka ce ya rubuta maka waɗannan huɗun kafin ka ba shi kuɗin kaya.