Maki ɗaya a Agege

Da gori Kawu ya ja ni wannan tafiyar. Ranar ƙaramar Sallah ta 2019, bayan an sauko daga idi, na je gaishe shi a Yakasai, sai hira ta ɓarke tsakanina da samarin gidan a zaure. Ina ta zuba musu lissafin yadda Manchester City ta sha gaban Liverpool da maki ɗaya tal, 98 da 97. Kawu na kishingiɗe a kan darduma yana jan carbi. Sai da ya bari na kai aya, sannan ya ce, "To malamin Ingila, ƙungiya nawa ke buga gasar ƙasarku bana?"

Na ce ashirin mana, Kawu.

"Ashirin da huɗu," in ji shi. "Kuma yanzu haka da kake wannan surutun Pillars na Legas tana neman kofi. Ranar Litinin zan tafi. Idan kana da kuɗin mota, ka zo ka riƙe mini jaka."

Kawu tun zamanin Raccah Rovers yake bin ƙwallo, ƙungiyar Kano da ta ci gasar ƙasa a 1978. Da aka haɗa ƙungiyoyin WRECA da Golden Stars da Bank of the North aka kafa Kano Pillars a 1990, sai ya koma can da zuciyarsa gaba ɗaya. Ni kuwa ɗan gidan kallo ne, na san sunan mai tsaron ragar Burnley amma rabona da filin Sani Abacha na Ƙofar Mata har na manta. Kunya ce ta sa na biya kuɗin motar.

Mun tashi daga Sabon Gari da yammacin Litinin, 10 ga Yuni, a cikin doguwar motar nan ta dare. Ba mu kai Zariya ba Kawu ya zaro wani tsohon katin gayyatar ɗaurin aure daga aljihun gaba. A bayansa ya ja layuka da biro, ya jera sunaye shida: Enyimba, Pillars, Rangers, Akwa United, Lobi Stars, Ifeanyi Ubah. Gaban kowane suna akwai lambobin da aka soke aka sake rubutawa. Teburinsa ke nan, kuma ya fi yarda da shi a kan na waya.

Na tambaye shi abin da ya kamata na tambaya tun a zaure: me ya sa shida, kuma me ya sa a Legas?

Amsar ta kai mu har Kaduna. A ƙa'ida, gasar Firimiya ta Najeriya ƙungiya ashirin ce, kowa ya kara da kowa gida da waje, wasa 38, wanda ya ci ya ɗauki maki uku, canjaras maki ɗaya, huɗun ƙarshe su faɗa ƙasa. Amma a 2018, bayan an dawo daga gasar cin kofin duniya ta Rasha, rikicin shugabanci ya turnuƙe hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, gasa ta tsaya cak a mako na 24. Ga hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, na jiran sunayen waɗanda za su wakilci ƙasa. Sai aka rufe kakar a inda ta tsaya, aka tura Lobi Stars da ke saman teburi gasar Zakarun Afirka, aka ce babu wanda zai faɗa. Huɗu kuma suka hauro daga ƙasa kamar yadda aka saba. Ashirin da huɗu ke nan. Ga lokaci ya ƙure, domin ana so kakar Najeriya ta koma farawa a wajejen Agusta don ta yi daidai da sabon jadawalin CAF. Saboda haka kamfanin LMC mai gudanar da gasar a lokacin ya raba ƙungiyoyin rukuni biyu, sha biyu sha biyu, aka fara a Janairu. Ukun farko na kowane rukuni su haɗu a fili ɗaya, kowa ya buga da kowa sau ɗaya, wasa biyar cikin kwana tara. Huɗun ƙarshe na kowane rukuni kuma su tattara kayansu. Takwas a kaka ɗaya.

"Takwas," in ji wata murya daga kujerar bayanmu. "Ciki har da mu."

Wani dattijo ne mai fataucin shanu daga Potiskum, ya loda tirela ta yi gaba, shi yana biye. Yobe Desert Stars yake nufi. Ya lissafa da yatsu: su, da El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, da Gombe United, duk a rukuni ɗaya suka tafi. Ya ce da kaka ce irin ta kullum mai wasa 38, da wataƙila wani cikinsu ya farfaɗo a zagaye na biyu, amma wasa 22 ba ya jiran mai jinya. Kawu ya ce, "Allah Ya maido ku, Alhaji." Shi kuma ya miƙo mana dabino.

A nan ne sakamakon wasan ranar ya shigo wayar wani yaro. Pillars ta sa ƙwallo, Rangers ta farke ana dab da tashi, ɗaya da ɗaya. Kawu bai ce uffan ba. Ya kunna fitilar wayata, ya soke lamba, ya rubuta wata, ya daɗe yana kallon katin. Rangers ƙaya ce a ƙafarsa tun watan Oktoban 2018, ranar da Pillars ta jefa mata uku babu ko ɗaya a wasan ƙarshe na kofin Aiteo a Asaba, Rangers ta farke duka ukun, ta kuma ɗauke kofin a bugun fenareti. Ko sunan garin Asaba ba a ambata a gabansa.

Daga Kaduna zuwa Abuja babu mai magana, don kowa ya san halin da hanyar ke ciki a shekarar. Da muka wuce Gwagwalada muka doshi Abaji cikin tsakar dare, Kawu ya taɓa ni da gwiwar hannu, ya nuna duhun da ke bayan gilashi. A wannan yankin ne 'yan fashi suka buɗe wa motar Pillars wuta a watan Maris na 2015, tana kan hanyar Owerri za ta buga da Heartland, suka raunata 'yan wasa biyar. Zakarun ƙasa ne a lokacin, sun ci gasar sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, kuma a mota suke tafiya kamar mu.

Tun daga wurin na daina yi wa gasar kallon raini. Ƙafafuna sun kumbura, bayana ya ƙage, alhali ni ba abin da zan yi a Legas sai zama a kan benci. Ɗan wasan da ya taso daga Maiduguri zuwa Uyo fa, ya kwana biyu a kujera irin wannan, ya sauka ya yi gudun minti casa'in, ya sake hawa mota don akwai wani wasan a tsakiyar mako? Mutane na yawan cewa a gasar Najeriya ba a cin wasan waje, su ɗora laifin duka a kan alƙalan wasa da barazanar 'yan kallo. Akwai wannan, ba na musu. Amma wanda bai kwana a hanyar Lakwaja ba bai san rabin zancen ba. Pillars ta yi shekara goma sha biyu ba a doke ta a Kano ba a gasar, daga 2003 har Nasarawa United ta karya tarihin a 2015. Kawu na faɗar haka da alfahari. Ni kuma, a cikin motar nan, sai na riƙa tunanin nawa ne daga cikin baƙin da suka zo Kano hanya ta riga ta cinye su tun kafin a busa usur.

Mun haye gadar kogin Kwara kafin asuba, muka yi sallah a Lakwaja, muka karya da soyayyen kifi da shayi. Bayan Okene motar ta fara tari, ta mutu a kan wani hawa, muka yi awa uku a bakin daji ana jiran makanike, ga yayyafi. A nan Alhajin Potiskum ya ƙarasa mini karatun. Ƙasan Firimiya akwai gasar NNL, wadda 'yan jarida ke kira ta 'yan dagaji, kuma ita rabata ake yi rukunan Arewa da na Kudu, saboda ƙaramar ƙungiya ba ta da kuɗin man da za ta zagaye Najeriya. Waɗanda suka yi fice a rukunan su ke haurowa. Ƙasanta akwai NLO, ƙasan wannan kuma gasannin jihohi, inda ƙungiyoyin unguwa suke. Tsani ne, a takarda dai: ƙungiyar da ke atisaye a filin makarantar firamare tana iya hawa har ta kara da Enyimba. Na ce to me ke hana su? Ya murza babban yatsa da manuni. Yawancin manyan ƙungiyoyin na gwamnatocin jihohi ne. A cikin shidan da ke katin Kawu, biyar haka suke: Abiya, Kano, Inugu, Akwa Ibom, Binuwai. Ifeanyi Ubah ta Nnewi ce kaɗai ta ɗan kasuwa. Idan gwamna mai son ƙwallo ne, a sayi 'yan wasa, a biya alawus a kan kari. Idan aka samu wanda bai damu ba, sai ka ji 'yan wasa na bin bashin albashin watanni.

Sai bayan la'asar ranar Talata muka shiga Legas. A Agege muka sauka, gidan wani abokin Kawu da ya shekara talatin a can, 'ya'yansa na juya Yarbanci da Hausa kamar ruwa. Na yi zaton baƙunta za mu yi, ashe gida muka zo. Unguwar Hausawa ce tsohuwa a gefen layin dogo, ga masu tsire, ga masu goro, ga kiran sallah ta ko'ina. An ce an kawo wasannin Legas don kada kowa ya yi taƙama da gida, amma duk wanda ya zaɓi Agege ya ba Pillars rabin gida bai sani ba.

Laraba, 12 ga Yuni, ranar hutu ce, karon farko da aka yi bikin ranar dimokuraɗiyya a wannan kwanan wata, don haka filin ya cika tun da wuri. Ƙaramin fili ne, bai kama ƙafar na Ƙofar Mata ba, kana zaune kana jin numfashin ɗan wasa idan ya zo jefa ƙwallo daga gefe. Rigunan ruwan ɗorawa da kore sun mamaye ɓangarenmu, ga kalangu, ga wani mai kakaki da ban san yadda aka yi ya shigo da shi ba. Idan aka ce "Sai Masu Gida!" sai benci ya amsa. Can gefe magoya bayan Enyimba cikin shuɗi suna busa ƙahonninsu na ƙarfe, ba su gajiya.

Lissafin mai sauƙi ne, kuma ba a hannunmu yake ba: komai Pillars ta yi, sai Enyimba ta yi tuntuɓe a gaban Akwa United. Ban taɓa zaton zan tsinci kaina ina yi wa ƙungiyar Uyo addu'a ba, amma na yi, da ƙarfi ma. Enyimba ba ta yi tuntuɓen ba. Uku ta zura, babu ko ɗaya. Ta gama da maki 12, Pillars 11, kofin Enyimba na takwas ke nan. Kawu ya cike layin ƙarshe a katinsa, ya juyo ya ce, "Ga maki ɗayanka na Ingila nan, ɗana. Yanzu ka ji yadda yake a jiki."

Abin da ya ba ni mamaki, ba a watse da baƙin ciki ba. Wani matashi kusa da ni har rawa yake, yana cewa ai mun samu tikitin Afirka. Ta ɗaya da ta biyu ke zuwa gasar Zakarun Afirka, ta uku, wato Rangers, ta tafi kofin Konfedareshan, gurbi na huɗu kuma na wanda ya ci kofin ƙalubale ne, wato kofin Aiteo. Wannan kofin tsarinsa daban: tun 1945 ake buga shi, da sunan kofin Gwamna aka fara, kowace jiha da Abuja na yin nata, biyun da suka kai wasan ƙarshe su wakilce ta, daga nan sai sili ɗaya ƙwale, babu ruwansa da matakin da ƙungiya take.

Yanzu da nake rubuta wannan an koma ashirin da wasa 38, kodayake a 2023 ma sai da aka sake yin rukuni biyu da 'yan shida a Legas. Pillars da kanta ta faɗa a 2022, ta hauro a shekarar da ta biyo. Remo Stars ta Ikenne, wadda ke cikin takwas ɗin da suka faɗa a kakar da muka je Agege, ita ta ɗauki kofin 2025, kuma ba ta gwamnati ba ce.

Dawowarmu ba ta da labari, barci na yi har Zariya. Bayan mako shida Kawu ya kira ni da sassafe, ya ce in shirya, Kaduna kusa ce. Ranar 28 ga Yuli, a filin Ahmadu Bello, Pillars ta kara da Niger Tornadoes a wasan ƙarshe na kofin Aiteo. Aka tashi babu ci, aka je fenareti, Pillars ta ci 4 da 3. Rabon da kofin ya zo Kano tun 1953. Tornadoes kuwa, da yake Pillars ta riga ta samu gurbi a gasar Zakaru, ita aka ba tikitin Konfedareshan, ga ta kuma tana cikin takwas ɗin da suka faɗa. Na ce Kawu, yanzu ƙungiyar 'yan dagaji ce za ta wakilci Najeriya a Afirka? Ya ce ƙwarai kuwa, ya laluba aljihu ya ba kwandasta kuɗin mu biyu.