Sau uku a rana

Ranar da na fara aikin sanin makama na shekara ɗaya a ɗakin magani na wani asibitin gwamnati a birnin Kano, ban sa yare cikin abubuwan da za su ba ni wahala ba. Haifaffiyar Gwammaja ce ni, Hausa a nono na sha ta. Na manta cewa shekara 5 na yi ina karatun harhaɗa magunguna da Turanci zalla, ban taɓa yi wa kowa bayanin ƙwaya ɗaya da Hausa ba.

A sati na biyu wani dattijo ya miƙo takarda ta taga. Maganin basir likita ya rubuta masa, irin wanda ake cusawa ta dubura. Na san sunansa, na san ɗumin jiki ke narkar da shi, amma bakina ya ƙi faɗa wa sa'an kakana inda zai sa shi. Sai na ce, "Baba, da daddare za a yi amfani da shi." Ya ce, "To 'yata, Allah ya yi albarka." Bayan kwana uku ya dawo yana ƙorafi, wai maganin kamar kyandir yake a baki, da ƙyar yake wucewa ko da koko. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shugabar sashenmu ba ta yi mini faɗa a gabansa ba, wani ma'aikaci namiji ta kira ya ja Baba gefe. Da ya tafi ta ce da ni, in kunya ta kama ni in nemi mai faɗa, amma kada magani ya sake barin taga da rabin bayani.

Daga nan na buɗe kunne. Mace ta ce tana da "sanyi", yana iya zama mura, ko ciwon gaɓɓai, ko ƙaiƙayin gaba, sai ka tambaya a hankali, murya ƙasa-ƙasa, don layi na jin ku. Mutanen Maraɗi da Damagaram kuwa asibitin suke kira "likita", likitan kuma "lokotoro". Ranar da wani ya ce mini a cikin likita ya kwana, sai da na danne dariya.

"Sau uku a rana" ma ba ta isar da saƙo. Nufinmu duk bayan awa 8, amma wani zai shanye ukun kafin magariba. Sai na koma auna shi da salla: ɗaya da asuba, ɗaya da azahar, ɗaya in za a kwanta wajen ƙarfe 10. Ina ja layi uku a jikin ambulan, sannan in ce mutum ya maimaita mini, domin "to" ɗin Bahaushe sau da yawa ladabi ne kawai.

Fulatanci kuwa wajen wata mai shara na roƙe shi, kalma-kalma, ina rubutawa a bayan littafina: lekki magani, tati uku, fajiri safe, jemma dare. Wata Inna da ta zo da jikarta daga ruga ce ta fara shan gwajina. Ta yi dariya har da riƙe haɓa, ta gyara mini furucin "jemma" sau biyu, sannan ta ɗaga yatsu uku ta lissafo mini lokutan daidai.