Abin da na koyo a hanyoyin dawaki na Cape Town, ni da nake jan doki a bakin ruwan Legas

Duk wanda ya san bakin ruwan Lekki ranar Lahadi ya san aikinmu, kwastoma ya hau, a ja shi zuwa can a dawo, a ɗauki hoto, ya sauka wani ya hau. Yawancinmu 'yan Arewa ne, da doki muka tashi, kuma ko a kulob ɗin polo na Ikoyi da aka kafa tun 1904 in ka shiga barga Hausa za ka ji ana yi. To shi ya sa da maigidana ya tura ni Afirka ta Kudu na zauna wani ɗan lokaci a wata gona da ke fitar da baƙi yawon hutu a kan doki, ban zaci zan ga sabon abu sosai ba, amma na gani.

Wajen sunansa Noordhoek, kudu da Cape Town, rairayi ne mai tsawon kusan kilomita 8 dutsen Chapman's Peak na tsaye a kansa, har akwai ragowar wani jirgin ruwa mai suna Kakapo da ya maƙale a yashin tun 1900, nan ake kai baƙi su gani. Mu nan Legas ƙasa shimfiɗe take ba tudu ba gangare, su kuwa a fita ɗaya sai doki ya taka yashi ya hau dutse ya gangaro.

Kafin baƙo ya taɓa sirdi sai an tambaye shi nauyinsa da iya hawansa. Na ga an mayar da wani ƙato da kuɗinsa a hannu saboda ba dokin da zai ɗauke shi, lissafin da suke bi shi ne mahayi da sirdi kada su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin doki. Wallahi wannan ya tsaya min a rai, don nan wajenmu in dai mutum ya biya ko ya kai buhu biyu ɗora shi ake yi, wani lokacin ma shi da budurwarsa, da yamma in ka cire sirdi ka ga bayan doki ya saɓule ƙuda na bi, sai a shafa mai a ce gobe ya warke. Ba ya warkewa, dokin dai ba ya magana ne.

Sai maganar teku. Ruwa na cika ya janye sau biyu a yini, kuma kullum lokacin na matsawa gaba da kusan minti 50, su da takardar lokacin suke tsara fita. In ruwa ya janye yana barin jiƙaƙƙen yashi mai tauri, a nan kaɗai ake sakin doki ya yi sukuwa, busasshen yashi mai zurfi kuwa tafiya kawai, saboda ƙafa na nutsewa jijiyar da ke bayan ƙwauri ta ja, kuma in jijiyar nan ta samu matsala watanni doki zai yi a turke. Mu fa a busasshen yashin nan muke wuni saboda nan mutane suke zaune.

A kan dutse abin da ake faɗa wa baƙo kaɗan ne, in ana hawa ka ɗan sunkuya gaba, in ana gangarowa ka zauna daram ka sassauta linzami, doki na buƙatar wuyansa da idonsa ya zaɓi inda zai sa kofato. Mu da muka saba da hawan sallah da zamiya a gaban sarki hannunmu na da nauyi a linzami, wannan hawan ado ne yana da wajensa, a gangare kuwa in ka ɗaure masa baki tare za ku faɗi. Hanyoyin ma a ware suke, cikin Table Mountain, gandun dajin gwamnati da ke yankin, sai da takardar izini ake hawa kuma ba a sauka daga hanyar da aka shata, don kofato na kashe ciyayi ruwan sama ya zo ya kwashe ƙasar. Hular kwano dole ce ga kowa.

In an kusa gida a hankali ake tafiya har gumi ya bushe, sannan a wanke ƙafafu da ruwan daɗi saboda gishiri, a duba kofato ɗaya bayan ɗaya. Ruwan sha ba a yi masa rowa, doki mai aiki a zafi lita 30 ba ta kai masa ko'ina.

Da na dawo na kawo maganar wajen dattijonmu na bakin ruwa, ya saurara tsaf sannan ya ce, "Yaro, su baƙonsu dala yake biya, kai naka nawa yake ba ka? Harawa da dusa daga Arewa ake kawo su, ka san kuɗin mota." Na ce, "Gaskiya ne Baba, amma duba lokacin janyewar ruwa a waya kyauta ne, hana mutum biyu hawa ma kyauta ne." Bai ce e ba bai ce a'a ba. Dawakina biyun dai yanzu mutum ɗaya suke ɗauka, tsakar rana suna inuwa da bokitin ruwa, kuma ran Litinin ba sa ganin sirdi ko wa zai zo.