Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Na Shiga Gwajin Magani

Makon jiya na tsaya a inda hoton sikanin ya nuna cewa ciwon dajin da aka yanke mini a ƙashin ƙugu ya ɓullo a huhu. Sunansa chondrosarcoma, daga guringuntsi yake tasowa, kuma taurin kai gare shi: da wuya kemo (magungunan kashe ƙwayoyin daji) ko gashin na'ura su yi masa wani abu. Tiyata kaɗai yake tsoro, ga shi ya warwatsu inda wuƙa ba za ta kwashe shi duka ba.

Likita ya sa aka ɗauko tsokar da aka cire mini tun farko, aka binciki ƙwayoyin halittarta, sai aka ga sauyi a wadda ake kira IDH1. Sauyin ne ke sa dajin ƙera wani sinadari, 2-HG, kuma akwai maganin da aka yi musamman don ya toshe wannan hanya, ivosidenib. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 2018 don wani nau'in sankarar jini. A kan irin nawa kuwa, gwaji ake yi.

"Malama, sai dai ki sani," in ji shi, "kwamfuta ce za ta zaɓa. Ko ki samu maganin, ko ƙwaya mai kama da shi wadda babu komai a cikinta. Ni kaina ba zan sani ba."

Yaya ta miƙe tsaye. "Likita, ƙanwar tawa za ku mai da zakaran gwajin dafi?" Ban ga laifinta ba. Ya bayyana mata cewa in ciwon ya ƙaru kuma aka tarar ƙwayar banza nake sha, za a mayar da ni kan ta gaskiya, sannan duk ranar da na ga dama zan iya fita. Na sa hannu.

Ƙwaya biyu kullum da safe, in rubuta lokacin a takarda. Ranar asibiti a ƙirga ragowar da ke kwalba, a ɗebi jini, a manna mini wayoyi masu sanyi a ƙirji, domin maganin yakan taɓa bugun zuciya.

Ƙa'idar awonsu ta ba ni mamaki. Sai kumburin dajin ya ragu da kashi 30 cikin 100 za a ce ya ji magani, in ya ƙaru da kashi 20 a ce ya ci gaba. Tsakanin nan sunansa "ya tsaya".

Sikanin farko ya ce ya tsaya. Likita yana ta murna, ni kuwa raina a jagule, don "ya ɓace" na zo ji. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu zan ba ku labarin daren da zuciyata ta fara tsalle.