Ruwan unguwarmu ya koma hannun hukumar birni

Shekara shida ke nan ina zaune a wata ƙaramar unguwa da ke kwarin San Joaquin a jihar Kalifoniya, inda wani ƙaramin kamfani mai zaman kansa yake ba mu ruwa daga rijiyar burtsatse guda ɗaya. Da aka gwada ruwan, sai aka tarar sinadarin naitiret, wanda ke tsatsafowa daga takin gonaki da kashin shanu, ya haura miligiram 10 a kowace lita, wato iyakar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta gindaya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, tafasa ruwan ba ya kawar da sinadarin, sai ma ya ƙara yawansa, ga shi kuma a lokacin matata tana goyon jariri.

Kamfanin ba shi da ƙarfin haƙa sabuwar rijiya. Dokar da jihar ta yi a 2015, wadda ta ba hukumar ruwa ikon tilasta haɗe irin wannan tsari da na birni, ita ce ta cece mu. Kuɗin wata ya ƙaru, wasu maƙwabtana suna ƙorafi, amma ni na gwammace in biya. Jiya na fara cika wa ɗana kofi daga famfon gida.